Jinjina ga Masu Tace Gyare-gyaren Cibiyar Linux

Duk sanda kwamfuta ta ajiye wani aiki ta kama wani, dole cibiyar manhajarta ta kwashe abin da ke cikin rajistocin furosesa ta adana, ta kuma mayar da shi daidai idan aikin ya dawo. Hakan na faruwa sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Layi ɗaya ya karkace, lissafin wata manhaja ya gurɓace, ko sirrinta ya faɗa hannun wata.

Shi ya sa nake cire wa masu bitar wannan sashe a Linux hula, irin su Thomas Gleixner da Borislav Petkov da Dave Hansen. A 2020 Intel ta kawo gyaran AMX, wani sabon sashe na furosesocinta wanda rajistocinsa kaɗai ke cin kilobayit 8. Ba su yi garaje ba. Suka bi shi layi-layi suna tambaya: idan sigina ta katse manhaja, ina za a zuba wannan tulin, alhali tsofaffin manhajoji ɗan wuri kaɗan suka tanada? Gleixner ya duƙufa ya sake fasalin sashen, aka kuma gindaya cewa sai manhaja ta nemi izini kafin ta taɓa AMX. Da haka ya shiga Linux 5.16.

Tsantsenin nan yana burge ni, kuma ya taɓa yin rana. Tun 2016 Linux ta bar jinkirta sauya rajistocin lissafi, don haka da raunin LazyFP, wanda ya samo asali daga irin wannan jinkirin, ya fito fili a 2018, sababbin sigoginta sun riga sun tsira.