Ƙarfen wuya ba sarƙar ado ba ce

Jama'a, yau da ƙorafi na tashi. Wannan yayin da ya shigo wa wasu samarinmu masu jita, daga Samaru har Sabon Gari, na rataya hamonika a wuya don a haɗa kiɗa da busa, ba ni da rigima da shi. Ni ma yana burge ni. Rigimata da maratayin ne, wato ƙarfen da ke riƙe hamonikar a gaban baki. Yaro zai tara kuɗi ya sayi jita mai kyau, ya nemo hamonika ta kirki, amma da an zo kan ƙarfen da zai haɗa su aiki, sai ya shiga intanet ya danna mafi araha, don kawai ya yi kyau a hoto.

Sakamakon kuwa kun sha gani. An fara waƙa lafiya, da an kai wurin busa sai noti ya saki, hamonika ta sunkuya ta nufi ƙirji. Daga nan mawaƙi ya koma bin ta da wuya, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga, hannu biyu na kan jita, babu mai ceto. Mu 'yan kallo mu rasa abin yi, tafi ko jaje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan ka yi magana sai a kawo maka Bob Dylan. To, Dylan ɗin da ya karɓi kyautar Nobel a 2016, ƙarfen ne ya rubuta masa waƙoƙin? Kuma wa ya ce sai mun tsallaka Amurka? Ismaël Lô, wanda ake wa laƙabi da Dylan na Afirka, a Dogon Dutsi aka haife shi, nan Nijar, a 1956, kafin ya tashi a Sanagal. Ana ba da labarin cewa yana yaro, a bango ya kafe hamonikarsa da ƙusa don hannuwansa su samu sukunin kaɗa jita. Bango fa! Amma ku saurari "Tajabone", wadda har Pedro Almodóvar ya sa a fim ɗinsa na 1999, ku gaya mini ko akwai inda busar ta yi tuntuɓe. Shi ma Les Paul, wanda sunansa ke jikin jitar Gibson, da wayar rataye kaya ya lanƙwasa nasa maratayin tun yana ɗan yaro. Dukansu biyu abu ɗaya suka gane: dole hamonika ta tsaya cak inda bakinka yake. Ita za ta zo wurinka.

Wannan shi ne gaba ɗaya zancen, amma ba a ji. Idan ƙarfen ya yi ƙasa, ka sunkuya, maƙogwaro ya matse, murya ta shaƙe. Idan ya matso da yawa, ka rasa wurin buɗe baki ka yi waƙa. Mai gaɓa ɗaya kusantowa kawai yake yi ko ya nisanta. Mai gaɓa biyu shi ke ba ka damar gyara tsawo da karkata. Sifirin ɗin da ke damƙe hamonikar ya zama mai ƙarfi, amma ba wanda sai ka yi kokawa da shi ba, tunda kowace hamonika mai ƙofa 10 da nata ki, C ko G ko A, kuma in waƙa ta sauya ki dole ka sauya ta. Sannan ga kuskuren da ya fi ba ni dariya: a sayo doguwar hamonikar nan ta Sin mai ƙofa 24, a sayo ƙarfen da aka ƙera wa mai ƙofa 10, a zo gida ana cewa an yi algus. Malam, ba a yi maka algus ba, ba ka auna ba ne.

Kuma mu da muka tashi muna ganin makaɗa, yaushe aka fara koya mana maratayi? Wane mai kalangu ne zai fita biki da igiyar da ba ta yi daidai da hammatarsa ba? Marigayi Ɗanmaraya Jos, Allah ya jiƙansa, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, domin abin hannunsa ya san hannunsa. Ga masu walda birjik a Sabon Gari da bakin titin Samaru, har nan Bomo ba a rasa ba. Siririn rodi, noti biyu masu kunne, sifirin, da guntun tiyo a zura ta bayan wuya saboda gumin bazara da sanyin hunturu. Ka je da hamonikarka da jitarka, a gwada a jikinka, a rage a ƙara. Amma ina, an fi so a ce daga waje aka kawo.

Na yarda, na kamfani mai kyau irin na Hohner ya fi sauƙin nauyi, kuma mai walda zai iya ƙera maka abin da zai sa ka kwana da ciwon wuya. Na kuma yarda duk kyan ƙarfe ba zai maye tafin hannu ba wajen lanƙwasa sauti. Shi ke nan, na ba ku wannan.

Sai dai don Allah, ƙannena, kafin ku hau dandali ko ku kunna kyamara, ku ɗaure notin nan, ku yi waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe a ɗaki. In hamonikar ta motsa ko da kaɗan, ku cire ƙarfen, ku kaɗa mana jitar kawai. Za mu saurara.