Kowa ya tafi zanen shafi, wa zai toshe yoyon memori?

Maganar da ta fi ƙona mini rai a bakin samarinmu masu karatun kwamfuta ita ce wai yaren C ya mutu. Daga Kazaure har Babura haka ake yaɗa ta, ɗalibi ya gaya wa ɗalibi kamar albishir: kada ka ɓata lokacinka, koyi zanen shafin intanet, cikin 'yan makonni ka fara karɓar aiki. Mai faɗin haka kuwa wayar Android ce a hannunsa. Android a kan kanel ɗin Linux take zaune, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, kuma kusan dukkan wannan kanel da C aka rubuta shi, yaren da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro tun 1972. Haba ƙannena! Ta yaya za ku yi wa abu jana'iza alhali da shi kuke aika saƙon rasuwar?

Ba zanen shafi nake ƙi ba, sana'a ce. Abin da ke damuna shi ne duk mun karkata gefe guda, mun bar aikin da ya fi shafar rayuwarmu babu mai ko kallonsa.

Ku dubi wayoyin da ke hannun jama'a a Roni da Gwiwa. Tecno ce, itel ce, Infinix ce, da yawansu RAM ɗinsu giga 2 ne ko 3. Mai POS ya buɗe manhajar banki, ya fita WhatsApp ya kwafo lambar asusu, ya dawo ya tarar manhajar ta koma farko tana neman lambar sirri, ga layi a gabansa. Sai a ce wayar ce ta tsufa, ko a ce cuta ta shige ta, a kai ta Farm Centre a Kano a yi mata filashin. Alhali sau da yawa ba abin da ya lalace. Memori ne ya yi ƙaranci. Kanel yana raba shi shafi-shafi, galibi kilobayit 4 kowane shafi, yana riƙe da lissafin wa ya karɓa, wa ya dawo da shi. Idan wuri ya ƙure, akwai wani ɗan aike a Android da aikinsa kawai shi ne ya zaɓi manhajar da ke baya ya kashe ta domin ta gaba ta samu sarari. Shi ne ya kashe manhajar bankin. Wanda bai san wannan ba sai ya sauke manhajar "share memori", wadda ita ma kisan take yi, sannan ta ci nata rabon ta kuma cika masa ido da talla. Abin ya kai ga Android 14 ta hana manhaja kashe wata manhajar da ba tata ba. Haka ma "giga 8" da mai shago ke rantse maka a kai, wani lokaci 4 ne na gaske, 4 kuma aro ne daga ma'ajiyar hotuna, wadda ba ta kusa da RAM a sauri. Waɗannan abubuwa ɗalibin kwamfuta ya kamata ya riƙa warware wa mutanen unguwarsu. Yanzu shi ma cewa yake a yi filashin.

Wannan ƙarancin wuri ne kawai. Ainihin kurakuran sun fi haka muni. Akwai yoyo: an karɓi memori, an gama da shi, an manta ba a mayar ba, yana taruwa har na'ura ta maƙale bayan kwanaki. Akwai rubutu ya zarce iyakar wurin da aka ba shi ya taka na maƙwabci. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne amfani da wuri bayan an sake shi. Kamar ɗan haya ne ya tashi daga ɗaki amma ya tafi da makulli, mai gida ya sa wani, shi kuma tsohon yana dawowa cikin dare yana taɓa kaya. A manhaja ta yau da kullum wannan kuskure galibi manhajar zai kayar. A cikin kanel, ɓarawon da ya gano shi zai iya mallake wayar dungurungum, da saƙonninka da asusunka. Microsoft ta bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da take toshewa duk shekara daga irin waɗannan kurakuran memori suke fitowa. Masu Chrome ma sun ba da adadi irin wannan a 2020. Kuma ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai saboda kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 sun faɗi, asalin abin shi ne manhajar CrowdStrike da ke aiki a cikin kanel ta karanta memori a wajen iyakarta.

Labarin da nake so kowane ɗalibi ya sani shi ne na Dirty Pipe. A 2021 wani abokin ciniki ya kai ƙorafi ga wani kamfani a Jamus cewa fayil ɗin da ya sauke ya lalace. Ƙaramin abu ne, 'yan haruffa kaɗan a ƙarshen fayil. Ma'aikacin kamfanin, Max Kellermann, ya gyara fayil ɗin, ya rufe maganar. Bayan wani lokaci abin ya sake faruwa, ya kuma sakewa. Ya tattara duk lalatattun ya jera su, sai ya lura yawancinsu na ranar ƙarshe ta wata ne. Watanni yana bin sawu, yana zargin manhajarsa, yana wanke ta, har ya yarda da abin da mai hankali ba ya saurin yarda da shi, cewa laifin na kanel ne. Ya rubuta 'yan ƙananan manhajoji guda biyu da suka tabbatar da haka a Fabrairun 2022. Me ya gano? An ware wani wuri a memori ba a goge tsohuwar alamar da ke cikinsa ba, kuma tun daga Linux 5.8 wannan sakaci ya ba kowa damar rubutu a kan fayil ɗin da ba shi da izinin canzawa. Har sababbin wayoyi irin su Pixel 6 abin ya shafa. Facin da ya toshe shi layi biyu ne. Layi biyu, bayan kusan shekara guda ana nema. Ni wannan nake kira ƙwarewa, kuma ba ta buƙatar komai sai haƙuri da kunyar barin tambaya ba amsa. Kafin shi an yi Dirty COW, wanda ya kwanta a sashen memori na Linux tun 2007 ba a toshe shi ba sai Oktoban 2016, kuma tsofaffin wayoyi da yawa har suka mutu facin bai iso gare su ba. Ku tambayi kanku a wace kasuwa irin waɗannan wayoyi suke ƙarewa.

To, na ji masu cewa yaren Rust ya zo, ya raba gardama. Na yarda, ba da son raina ba amma na yarda. An shigar da shi Linux 6.1 a Disambar 2022, kuma Google ta ce kason ɓarakar memori a Android ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa 24 a 2024, bayan ta koma rubuta sabon aiki da yarukan da ke tsare memori da kansu. Madalla. Amma sabon aiki aka ce. Tsohon, miliyoyin layuka, yana nan da C, kuma sai an samu mai karanta shi. Wanda bai taɓa ganin yadda manuni, mai riƙe da adireshin memori, ke nuna wurin da aka riga aka saki ba, ba zai ma gane abin da Rust ke hana shi ba. Zai dai ga na'ura ta ƙi karɓar aikinsa, ya kwafa ya kai wa ChatGPT, ya manna amsar, ya ce ya iya.

Abin da ya sa na fi jin zafin wannan a nan shi ne Kazaure ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar Informatics a garin, lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin haka ba, 'yan Kano da Katsina suna zuwa karatu. Ga Hussaini Adamu Federal Polytechnic, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba Babura a 2021. Jiha guda ta tara duk wannan. Ƙwaƙwalwa akwai, malamai akwai. Yayi ne kawai ke jan yara zuwa inda ake ɗaukar hoton aiki a saka a Facebook, shi kuwa toshe yoyo ba shi da hoto.

Kuma aikin nan ba shi da tsada. Kanel ɗin Linux kyauta ne tun da Linus Torvalds ya sake shi a 1991. QEMU kyauta ne, zai ba ka kwamfuta ta gwaji a cikin tsohuwar kwamfutarka, ka kayar da ita sau ɗari ba ka yi asarar komai ba. KASAN, wanda ya shiga kanel a 2015, zai nuna maka daidai layin da aka taɓa memorin da aka saki, da inda aka karɓe shi, da inda aka sake shi. Na'urar syzbot ta Google dare da rana tana jijjiga kanel tana tara kurakuran da ta gano a fili, ɗaruruwa suna jiran mai gyara, kuma ba a tambayar garinku kafin a karɓi facinka. Gidauniyar Linux ma tana da shirin horar da sababbin shiga ƙarƙashin Shuah Khan. Na san za a ce wuta, za a ce data, za a ce abin da zai kawo kuɗi yau ake nema. Gaskiya ne. Sai dai da wannan wutar da wannan datar ake koyon zanen shafin.

Malamaina masu duba aikin kammala karatu, roƙona gare ku ƙarami ne. A cikin kowane aji, bayan an gama raba wa ɗalibai shafin rajistar asibiti da shafin sayar da kaya, a ware ko da mutum biyu a ba su kuskure guda daga jerin syzbot. Su sake haifar da shi a QEMU, su bi sawunsa, su rubuta abin da suka gani. Ko ba su toshe shi ba, a ba su maki a kan bin sawun.