Masu karanta bayan ambulan

Akwai wani ilimi da ba a koyar da shi a makarantar allo, ba a kuma koyar da shi a ta boko, amma yana da malamansa da manyan littattafansa, kuma da yawa daga abin da yake nema yana kwance cikin adakokin tsofaffinmu. Shi ne ilimin tarihin gidan waya: sanin yadda wasiƙa ta bar hannun wanda ya rubuta ta har ta isa hannun mai ita, da hanyar da ta bi, da kwanakin da ta yi, da kuɗin da aka biya. Mai tara kan sarki don sha'awa yakan ɓamɓare shi ya jera cikin kundi. Masanin tarihin gidan waya kuwa ba ya yarda a taɓa shi, domin a wurinsa ambulan ɗin ɗungurungum shi ne shaida.

Mu ce a wani gida a Horo Birni, cikin ƙaramar hukumar Shagari, an buɗe akwatin wani dattijo bayan rasuwarsa, aka tarar da wasiƙar da ƙaninsa ya aiko daga Kumasi wajen shekarun 1930, lokacin yana cin rani. 'Ya'ya da jikoki cikin takardar za su nufa, su ji gaisuwa da saƙon kuɗin haraji. Shi masanin sai ya juya ambulan ɗin ya dubi bayansa. A wancan zamani, musamman idan wasiƙar mai rajista ce, gidajen wayar da ta ratsa sukan buga mata hatimi mai sunan gari da kwanan wata. Daga waɗannan hatimai yake shimfiɗa tafiyar: jirgin ƙasa zuwa gaɓar teku, jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ta gadar Jebba zuwa Zariya, sannan reshen da ya kai Gusau da Ƙaura Namoda a 1929. Layin dogo bai taɓa isa Sakkwato ba, saboda haka ragowar tafiyar ta hanyar mota ce. Daga Sakkwato sai kudu, hanyar da ta bi ta Bodinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega.

Idan ya tarar tsakanin hatimi biyu an yi kwanaki fiye da yadda aka saba, ba ya wucewa. Yakan duba watan, ko damina ce ta yanke hanya. Yakan duba jadawalin jiragen ruwa, ko jakar ta makara ta jira na gaba. Adireshin ma yana da abin faɗi, don mutumin ƙauye ba shi da akwatin gidan waya, sai a rubuta ta hannun hakimi, ko ta hannun malamin makaranta, ko wani ɗan kasuwa da ke birni. Wannan layi guda yana nuna wanda mutanen garin suka amince wa a lokacin, da wanda ke karanta musu boko.

Bayan hanya sai kuɗi. Kowane zamani da farashinsa, kuma an bi an tattara su shekara bayan shekara. Tun ƙarshen 1898 aka yanke kwabo ɗaya a matsayin kuɗin wasiƙa mara nauyi tsakanin Ingila da yawancin ƙasashen da take mulka, daga baya yaƙe-yaƙe suka riƙa ɗaga shi. To idan masani ya ga an manna taro ko sisi inda kwabo ya isa, ya san da dalili: ko ta yi nauyi, ko rajista aka yi mata, wadda akan gane da layi biyu na shuɗin fensir da suka gicciye juna a fuskar ambulan, ko kuwa ta jirgin sama ta bi. Idan kuɗin ya gaza, sai a buga harafin T, mai karɓa ya biya ninki biyu na abin da ya rage. Lissafin dole ya fita daidai. In bai fita ba, ko dai wani kan sarki ya faɗi, ko wani ya manna wanda ba na wurin ba don ya ƙara wa ambulan ɗin daraja.

Shi kansa kan sarkin yana da nasa binciken, kuma a nan ne ido da haƙuri suke aiki. Ingila ce ta fara fitar da shi a 1840, Ikko ta sami nata a 1874. Arewacin Nijeriya ta sami nata na kanta a 1900 da hoton Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a farkon 1901, sai na Sarki Edward na Bakwai a 1902, sai na George na Biyar a 1912. A 1914, bayan haɗe Arewa da Kudu, aka maye su da masu sunan Nijeriya kawai. Shekara goma sha huɗu ke nan kacal, amma abin da ke ciki ya ishi mutum nazari. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga su, da zane guda da yake yi wa ƙasashe da dama, sai a sauya sunan ƙasa da kuɗi. Biyu za su zo maka launi ɗaya, hoto ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ba ɗaya ba ne. A cikin jikin takardar akwai ɓoyayyen tambari, kambin sarauta da haruffan CA. Na farko tambari guda ne a kowane kan sarki, daga wajen 1904 aka koma takarda mai tambari barbaje ko'ina. Masani yakan kifa shi a baƙin faranti, ya ɗiga masa wani ruwa mai saurin bushewa, tambarin ya bayyana na ɗan lokaci. Yakan ƙirga haƙoran gefe, nawa ne cikin santimita biyu, ma'aunin da wani likita Bafaranshe, Jacques Legrand, ya fito da shi a 1866. Na Arewa goma sha huɗu ne. Yakan bambance takarda mai shafen alli da wadda ba ta da shi. Duk wannan da matsefata yake yi, ba ya sa yatsa, don maiƙon hannu yana ɓata takarda.

A 1904 aka buga wa Arewa kan sarki na fam ashirin da biyar, kore da ja. Ba wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi a lokacin, aikinsa biyan kuɗaɗen gwamnati ne irin na lasisi. Kaɗan aka buga, shi ya sa a yau yake cikin mafiya wuyar samu a duk na Nijeriya. Inda kuwa abu ya yi tsada, 'yan jabu ba sa nisa. Akwai masu wanke tawadar da akawu ya soke kan sarki da ita a kan takardar lasisi, su buga masa hatimin gidan waya na ƙarya. Masanin da ya san siffar hatimin Zungeru ko na Lakwaja, faɗinsa da tazarar haruffansa da shekarun da aka yi aiki da shi, kallo ɗaya yake yi ya ce wannan ba gaskiya ba ne.

Wannan sani daga littattafai yake fitowa, kuma yadda aka haɗa littattafan shi ne abin da ya fi burge ni. Kamfanin Stanley Gibbons ya fara buga jerin kan sarki da farashinsu tun 1865, amma jeri ne kawai. Aikin zurfi na wasu mutane ne da suka ba da shekarun rayuwarsu. A 1992 ƙungiyar masana kan sarki ta Landan, wadda aka kafa a 1869, ta buga babban littafin Jack Ince da John Sacher a kan ayyukan gidan waya a yankin Nijeriya kafin 1914. A 1995 Edward Proud ya fitar da nasa a kan tarihin gidan waya na Nijeriya, mai bin gidajen waya gari bayan gari da zanen hatimansu. Akwai kuma ƙungiyar masu nazarin kan sarkin Afirka ta Yamma da ta faro a Ingila a 1950, mai mujalla da ake kira Cameo. Hanyarsu ita ce su tona jaridar gwamnati da rahotannin shekara-shekara don sanin ranar da aka buɗe ko aka rufe gidan waya, sannan su bi ambulan ɗaya bayan ɗaya suna rubuta ranar farko da ranar ƙarshe da aka ga kowane hatimi. Mutum zai yi shekaru yana riƙe da kwanan wata guda, sai wani a wata ƙasa ya turo hoton ambulan da ya riga shi da mako biyu, a gyara, a buga gyaran da sunan wanda ya gano. Ba wanda ke jin an ƙasƙanta shi. Ina ganin wannan ladabi ne na ilimi da ya cancanci yabo, ko da abin da ake magana a kai bai fi faɗin babban yatsa ba.

Da irin wannan bi-sawu aka san cewa kafin 1900, a zamanin Kamfanin Neja, da kan sarkin Ingila ake aika wasiƙa daga Akasa da Burutu da Lakwaja, hatimin kamfanin ne kaɗai ke nuna daga bakin Kwara ta fito. Da shi ake gane wasiƙun da aka tantance cikin taragon gidan waya, jirgi na tafiya ma'aikata na rarrabawa. Da shi ake bin sauyin da jirgin sama ya kawo, tun saukar jirage uku na sojan Ingila a Kano daga Masar ranar 1 ga Nuwamba 1925, har zuwa 1936 da aka fara jigilar wasiƙu a kai a kai tsakanin Kartum da Kano. Wasiƙun sojojinmu da suka yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 kuwa ba su da sunan gari a hatiminsu, lamba ce kawai da tambarin jami'in da ya karanta kafin a bari ta wuce. Masana sun bi lambobin nan sun gano inda kowace take a kowane wata. Iyalin da ke da irin wannan wasiƙa za su iya sanin inda kakansu yake ranar da ya sa aka rubuta ta, abin da shi kansa aka hana shi faɗa.

Kada mutumin Sakkwato ya ɗauka wannan sana'a baƙuwa ce a ƙasarsa. Tun kafin a san kan sarki a nan, daular da aka kafa a wannan yanki da wasiƙa take tafiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a wannan tsakani ne, a 1812, Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, inda ya kwafe wasiƙun muhawararsu da Shehu Laminu na Barno. Daga baya gidan Waziri ya zama cibiyar saƙonni tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas, manzanni na kai da kawowa. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris 1903 sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, H. F. Backwell ya buga fassarar wasu daga cikinsu a 1927. Matsalar waɗannan wasiƙu ita ce yawancinsu ba kwanan wata. Yaya za a san zamaninsu? Ta hanyar da masu ambulan suke bi: A. D. H. Bivar ya yi nazarin hatimansu da tsarin rubutunsu a 1959, Murray Last kuma, da taimakon Waziri Junaidu da taskar littattafansa, ya jera su bisa sunaye da al'amuran da suka ambata. Har takardar ana ɗaga ta a haske, a ga tambarin jinjirin wata uku na masana'antun Italiya da fatake ke kawowa ta hamada. Ido ɗaya ne, tambaya ɗaya ce, ko takardar Waziri ce ko ta ɗan cin rani.

Littattafan da aka rubuta a Ingila suna da giɓi, ba kuwa don sakaci ba. An gina su ne a kan abin da ya isa hannun marubutan, wato wasiƙun da jami'an mulki da 'yan mishan da ma'aikatan kamfanoni suka aika gida, iyalansu suka adana, daga baya suka fito kasuwar gwanjo. Wasiƙar da ta tashi daga Gusau zuwa Shagari, ko daga alhajin da ya yada zango a Sudan yana neman guzuri, ko daga Damagaram da kan sarkin Faransa mai hoton mahayin raƙumi wanda aka buga wa sunan yankin Nijar a 1921, ba ta da dalilin zuwa Landan. Tana nan cikin adaka, wani lokaci da adireshi biyu, na boko don ma'aikacin gidan waya, na ajami don mai karɓa. Hatimin ƙaramin wakilcin gidan waya da ya yi 'yan shekaru a shagon wani ya rufe, mai yiwuwa kwafinsa guda da ya rage yana kan irin wannan ambulan.

Wanda ya tarar da irin waɗannan wasiƙu a gidansu, kada ya yanke kan sarkin, kada ya jiƙa, kada ya liƙe yagewa da salatif, don gam ɗinsa yana cin takarda. Kada ya raba wasiƙa da ambulan ɗinta. Ya shimfiɗa kowace tsakanin farar takarda biyu, ya ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da danshi, ya ɗauki hoton gaba da baya da wayarsa. A wata takarda dabam, da fensir, ya rubuta wanda ya aiko da wanda aka aiko wa da dangantakarsu, tun tsofaffin da suka san su suna raye. In yana son mai duba masa, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.