Gwanin Robar Ruwa, Mai Raya Tsofaffin Motocin Kura

Daga Janairu zuwa Afrilu hanyar Kano zuwa Zariya ba ta hutawa, musamman tsakanin Kura da Kwanar Gafan. Kwandunan tumatir ake ta ɗora wa motoci, ga buhunan albasa da na shinkafa, wasu a nufi kasuwar 'Yankaba da su, wasu kuwa sai Legas. Tushen wannan albarka shi ne madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda ruwanta ke bin kanal yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Sai dai ruwan Tiga iyakarsa gona. Masu fitar da amfani zuwa bakin titi tsofaffin motoci ne: J5 da Golf da Hiace da ragowar Peugeot 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Tumatir kuwa ba ya jira. In mota ta kwanta da lodi a tsakar rana, guminsa na wata uku manomi zai ga yana tsiyaya ta gindin kwando.

Sau da yawa abin da ke kwantar da motar ba wani babban abu ba ne, 'yar robar ruwa ce da ke maƙale a gefen inji, tiyo ya haɗa ta da lagireto. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Inji yakan yi aiki ne a zafin da ya kai digiri 90 ko kusa da haka, ruwa kuma in ya yi zafi sai ya ƙaru, robar nan ce ke karɓar rarar. A motoci irin Golf aikinta ya wuce haka, domin murfinta ne ke riƙe matsin ruwan gaba ɗaya, matsin da ya kai kusan rabin iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Albarkacinsa ruwan da ya saba tafasa a digiri 100 yakan kai wajen 120 bai tafasa ba. Da zarar robar ta tsage, ko da tsagin bai fi gashin kai kauri ba, matsi ya tafi, ruwa ya tafasa, mota ta ɗauki zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, direban da ya ci gaba da tafiya a haka gaskit zai ƙona, wani lokacin har kan inji ya lanƙwashe.

A nan ake gane gwani. In an kawo masa mota ba ya gaggawar buɗe murfi, don ya san ruwan da ke ciki kan yi tsalle ya saɓule wa mutum fatar hannu. Sai inji ya huce, sannan ya bi jikin robar da ido da yatsa yana neman farin sawun da ruwa ya bari bayan ya bushe. Ya san wuraren da ta fi tsagewa: layin da aka haɗa rabinta biyu, gindin bakin tiyo, da wuyan murfi. Bai kuma tsaya ga tsagin ba, sai ya nemi abin da ya jawo shi. Wataƙila tsufa ne kawai. Wataƙila murfi ne ya mutu, ya daina sakin matsi in ya yi yawa. Wataƙila fanka ce ba ta tashi. In kuwa ya tada inji ya ga kumfa na ɓulɓulowa ba tsayawa, tiyo ya yi tauri tun inji bai gama ɗumi ba, zai gaya wa mai mota gaskiya cewa gaskit ya tafi, ko sabuwar roba aka sa fashewa za ta yi.

Daga nan sai hukunci: a gyara ko a canza? Robar da aikinta tara rarar ruwa ne kawai, irin ta tsofaffin Toyota da yawa, tana karɓar gyara ta daɗe. Mai riƙe matsi kuwa, in ta yi rawaya, ta yi gautsi, farce na kankare ta, gwani ba ya ɓata lokacinsa. Faci a kanta bai wuce na a sauke lodi a dawo ba, kuma haka zai faɗa wa mai motar tun kafin ya karɓi kuɗinsa.

In gyaran ne, ba ya taɓa gam. Yawancin robobin nan an yi su ne da nau'in da ake buga wa harufan PP a gindi, kuma gam ba ya kama shi da kyau, zafi ɗaya zai ɓanɓare. Sai ya kwance ta, ya wanke da omo, ya shanya ta bushe sarai. Ya ɗauki siririn ƙarfe mai zafi ya huda ɗan rami a kowane ƙarshe na tsagin, don kada ya ci gaba da tafiya. Ya fafe bakin tsagin kaɗan, ya yanko sili daga wata matacciyar roba mai irin harufan, domin roba ba ta haɗuwa sai da jinsinta. Da ƙarfen da ya gasa a garwashi, ko na lantarki in akwai wuta, yake narkar da silin da gefen tsagin a lokaci guda har su zama jiki ɗaya. Wuta in ta yi yawa roba ta ƙone ta yi baƙi, in ta yi kaɗan facin ya zauna a sama kawai. Sanin tsakiyar nan a hannu yake, shekaru ke koyar da shi. Wasu sukan nutsa gutsuren ragar waya a cikin narkakkiyar robar ta ɗaure ɓangarorin biyu, kamar yadda gyartai ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Bayan ta huce sai ya toshe kafofinta, ya tura iska da famfon keke, ya dulmiya ta a bokitin ruwa. Kumfa ɗaya ya isa ya sake aikin.

Canzawa ma ba ɗauki-ɗora ba ce. 'Yar Beljiyam da aka sayo a Ƙofar Ruwa tana iya zama sa'ar wadda aka cire, saboda haka yakan ɗaga ta a rana ya leƙa, ya matsa ta, ya duba lambar murfi ta dace da motar. Bayan ɗaurawa ya zuba ruwa sannu a hankali, ya tada inji, ya riƙa matsa tiyo har iskar da ta maƙale ta fita, ya jira fanka ta tashi ta tsaya, sannan ya sallami mota.

Masu wannan sana'a ba su da suna a lissafin noman rani, alhali hannunsu na cikin kowane kwando da ya isa kasuwa da kyansa. Sun cancanci a biya su hakkinsu ba ƙwauro, a kuma sa su cikin shirye-shiryen koyar da sana'a, a tallafa musu da kayan gwajin matsi. Kai kuma direba, ka taimaki gwaninka. Kada ka ɗebi ruwan kanal mai laka ka ɗura wa mota, tsatsa da toshewar lagireto yake haifarwa. Ka sa ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ka zubar kuma ka nisanta shi da kanal da yara da dabbobi, domin guba ne mai zaƙi. Ka duba robar ruwanka kowace safiya kafin lodi, in ka ga danshi a jikinta ka kai wa masu abin tun tsagin yana ƙarami.