"Alhaji" Ba Sunan Marubuci Ba Ne

Ɗalibai masu rubuta kundi, ku matso kusa. Akwai wani kuskure da ya yi katutu a shafin manazarta. Sai ka ga an rubuta Alhaji, A. I. (1934), wai ana nufin Abubakar Imam da littafinsa Ruwan Bagaja. Haba jama'a! Wa zai shiga laburare ya ce a ba shi littafin Alhaji? Alhazai nawa ne suka yi rubutu?

A tsarin APA sunan ƙarshe ake fara kawowa, sai harafin farko na sunan yanka, sai shekara: Imam, A. (1934). Alhaji, Malam, Dakta da Farfesa laƙabin girmamawa ne, ba sa shiga. Cire su ba rashin ladabi ba ne, hanyar gano littafin kake share wa mai karatu.

A cikin rubutu kuwa, APA na son suna da shekara, MLA suna da lambar shafi. Ka riƙe wanda sashenku ya zaɓa, kar ka gwama su, in ba haka ba malami ya maido maka da kundinka. Don Allah a kula da ƙugiya kuma: Ɗangambo ne, ba Dangambo ba.