Sharhi: Katun Ɗin Japan A Talabijin Ɗin Turai

A wannan fitowa za mu leƙa wani fanni da marubutanmu ba su cika kula da shi ba, wato katun na yara, musamman waɗanda Japanawa suka zana, gidajen talabijin na Turai suka yi ta nunawa daga shekarar 1975 zuwa gaba.

Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikinsu asalinsu littattafan Turawa ne. Heidi, wanda Isao Takahata ya shirya a 1974 cikin kashi 52, an ciro shi ne daga littafin Johanna Spyri 'yar ƙasar Suwizalan. Marco na 1976 kuwa daga littafin Cuore ne na Edmondo De Amicis, labarin yaro ɗan birnin Genoa da ya tafi Ajantina neman mahaifiyarsa. Wato Japanawa suka ari labarin Turai, suka gyara shi, suka mayar wa masu shi, yaran Sifen da Jamus da Italiya suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Ta fuskar jigo, waɗannan finafinai ba su ɓoye wa yaro ɗacin duniya ba. Heidi marainiya ce, aka raba ta da kakanta aka kai ta Frankfurt, kewar gida ta kwantar da ita. Ba wanda ya tsaya yi wa mai kallo wa'azi a kan zumunci. Halin da yarinyar ta shiga ya isa.

Ta fuskar salo kuwa, haƙuri ne jarinsu. Sai a ɓata lokaci ana nuna tatsar akuya ko gasa cuku a bakin wuta. Takahata da Hayao Miyazaki sai da suka je Suwizalan a 1973 suka ga wurin da idonsu, don gani ya kori ji. Bugu da ƙari, ba su bi littafin sau da ƙafa ba. Sun ƙara kare mai suna Joseph, sun kuma rage zancen addini da ya yi yawa a asali. Irin wannan gwaninta ce Abubakar Imam ya nuna a Magana Jari Ce.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. A Marco masifa ta yi yawa: duk garin da ya isa sai a ce uwar ta tashi, har tausayi ya fara zama gajiya.

Daga ƙarshe, kira ga masu sha'awar rubuta wa yara: ku san wurin da kuke bayar da labarinsa, ku bar tauraro ya sha wuyarsa, darasin kuma ku bar wa yaro ya tsinta da kansa.