Fensir Kafin Kwamfuta

A Amurka, daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu lokacin cike takardun haraji ne, kuma babu wanda abin yake ɗaure wa kai kamar mai cin gashin kansa. Ma'aikacin kamfani, tun kafin albashi ya shigo hannunsa an cire haraji, an cire kuɗin fansho. Direban Uber a Bronx kuwa, ko mai kitso a Harlem, shi ne maigida, shi ne yaron shago. Cikin irin waɗannan akwai 'yan'uwanmu, mutanen zangon Kumasi da Nima, da na Yamai da Kano. Doka ta ba su dama su ware wani abu daga ribarsu su zuba a asusun ajiyar tsufa, a cire adadin daga kuɗin da za a yanka musu harajin shiga a kai. Asusun da aka fi amfani da su biyu ne, SEP IRA da Solo 401(k), kuma sassan dokar da suka haife su tun 1978 suke. Sai mutum ya zuba kuɗinsa, ya buɗe manhaja irin su TurboTax ko H&R Block, ya shigar da adadin. Manhaja ta ce ya wuce gona da iri. Ko kuma ta karɓa shiru, amma harajin bai ragu yadda ya zata ba.

A nan ake neman wanda ya iya, kuma abin da ke burge ni da gwanayen wannan aiki, akantoci da wakilan haraji masu lasisin hukumar haraji ta IRS, shi ne ba sa fara gardama da kwamfuta. Sai gwani ya ture ta gefe ya ɗauki fensir da takarda. Yana so ya san amsar da kansa kafin ya duba abin da na'ura ta ce.

A ce mutum ya ci ribar dala 50,000 a shekara bayan ya cire kuɗin mai da gyaran mota da inshora, wato adadin da ke ƙasan takardar Schedule C. Ya ji an ce SEP kashi 25 cikin ɗari ake zubawa, sai ya zuba 12,500. Gwani zai fara da harajin da kowane mai aikin kansa ke biya domin Social Security da Medicare, kashi 15.3 cikin ɗari, wanda ake lissafawa a kan kashi 92.35 na ribar. Wannan ya kama dala 7,065. Rabinsa, wajen 3,532, ana cire shi daga ribar, saura 46,468. Daga nan ne lissafin ajiya yake farawa, ba daga 50,000 ba. Kuma ko a nan ba kashi 25 ake ɗauka ba, kashi 20 ne, wato dala 9,294. Mutumin ya zuba rarar fiye da dala 3,200, kuma manhajar da yake ta zagi gaskiya ta faɗa masa.

Ina kashi 25 ya tafi? Wannan ne wurin da ake gane mai sani da mai hadda. Doka ta ce kashi 25 na ladan ma'aikaci. To amma ladan mai aikin kansa shi ne abin da ya rage masa bayan an cire ita kanta ajiyar. Ka ga lissafi ya koma cizon wutsiyarsa: ba ka sanin ajiya sai ka san lada, ba ka sanin lada sai ka cire ajiya. Kamar dillali ne da ya yi sharaɗi cewa la'adarsa kwata ce ta abin da zai rage a hannun mai kaya. Aka sayar da kaya 125, dillali ya ɗauki 25, mai kaya ya riƙe 100. Kwatar ɗari ce, amma ɗaya bisa biyar ce ta kuɗin cinikin. Gwada shi a misalinmu: cire 9,294 daga 46,468, a samu 37,174, kwatarsa kuwa 9,294 ne cif, in ban da 'yan sulalla. Hukumar IRS ta zuba wannan lissafi mataki-mataki a ƙasidarta mai lamba 560, kuma duk gwanin da ya amsa sunansa yana iya cike jadawalin da ke cikinta ido rufe.

Da amsa a hannu, sai ya koma kan kwamfuta ya duba ta wace ƙofa aka shigar da kuɗin. Kuskure mafi yawa a nan yake. Manhaja tana da wurin IRA na kowa da kowa, wanda iyakarsa a 2024 dala 7,000 ce, tana kuma da wani wuri dabam na masu sana'ar kansu. Mutum ya ga harufan IRA a sunan asusunsa, ya zuba 9,000 a wurin farko, sai manhaja ta fito masa da tarar kashi 6 cikin ɗari a kan rarar da babu ita. Wannan mai sauƙi ne, domin yana da ƙara. Mai haɗari shi ne marar ƙara. Takardar Schedule C tana da layi na 19 na kuɗin fansho, amma na ma'aikatan da mutum ya ɗauka ne. Ajiyar mai sana'ar kansa a Schedule 1 take zama, layi na 16. Wanda ya sa ta a layi na 19 ya rage ribarsa, ya rage harajin Social Security da doka ba ta yarda ya rage ba, kuma manhaja ba za ta ce uffan ba, don ba ta san ko yana da ma'aikata ko ba shi da su ba. Shi kuwa murna yake, haraji ya sauka.

Saboda haka rabin gwanintar tambaya ce. Manhaja ta iya lissafi, amma rayuwar mutum sai abin da aka gaya mata. Gwani zai tambaya: "Alhaji, ban da tuƙin nan, ka yi wani aikin albashi bara?" Idan ya yi, sai a duba takardar albashinsa ta W-2, akwati na 12, alamar D. A Solo 401(k) mutum yana zubawa da hula biyu, ta ma'aikaci da ta maigida, kuma iyakar hular ma'aikaci, dala 23,000 a 2024, ta mutum ce ba ta asusu ba. Abin da aka cire masa a wancan wurin aiki ya riga ya ci wani ɓangare nata. Zai tambayi shekaru, domin wanda ya kai 50 yana da ƙarin 7,500 a 2024. Zai tambaya ko Roth aka zaɓa wajen zubawa, domin kuɗin Roth ba a cire su daga haraji yanzu, sai dai a ci moriyarsu a tsufa. Zai tambayi Hajiya ko shagonta yana nan da sunanta ko ta mayar da shi kamfani irin S corporation. In ta mayar, lissafin ya sauya gaba ɗaya: a kan albashin da take biyan kanta ake aunawa, kuma a takardar kamfanin ake cirewa. Wanda ribarsa ba ta da yawa kuma ya cika hular ma'aikaci, akwai wata iyaka da ke jiransa, don abin da zai zuba da hular maigida ba zai wuce rabin abin da ya rage ba. Mutane da yawa a nan suke rantsuwa cewa manhaja ta lalace.

Akwai kuma mai zuwa da ƙorafin cewa ya zuba dala dubu tara amma sauƙin da ya samu bai kai yadda ya lissafa ba. Gwani ya san layi na 16 ba shi kaɗai yake tafiya ba. Dokar haraji ta 2017 ta ba ƙananan masu sana'a ragin kashi 20 cikin ɗari na ribar kasuwancinsu, kuma ajiyar tsufa tana rage ribar da ake auna wannan ragi a kai. Haka ragin kuɗin inshorar lafiya na mai aikin kansa, ba ya wuce abin da ya rage bayan an cire ajiyar. An ba ka da dama, an karɓi kaɗan da hagu, kuma duk bisa doka.

To idan fa manhajar ce da laifi? Yana faruwa, musamman a farkon kaka, kafin kamfanoni su gama sabunta adadin sabuwar shekara. Galibin manhajoji suna da hanyar da mutum zai danne lissafinsu ya rubuta nasa da ƙarfi, kuma jarabar yin hakan babba ce da ƙarfe goma sha ɗaya na daren 14 ga Afrilu. Ban ga wayo a ciki ba. Adadin da aka danne ba ya ƙara motsi, ko da an gyara riba daga baya, kuma a wasu manhajoji yana hana aika takardar ta intanet. Gwani sai ya sabunta manhajar, ya goge abin da aka shigar, ya sake shigarwa daga tushe, ya buɗe jadawalin da ke ɓoye a bayan tambayoyin ya bi shi layi-layi da na fensirinsa har ya ga inda suka rabu.

In ta tabbata an zuba rara, akwai tarar kashi 10 cikin ɗari a kan abin da doka ba ta yarda a cire ba, ana biyanta da fom mai lamba 5330. Amma kafin a kai nan gwani zai tambayi ranar da aka zuba kuɗin. Kamfanin da ke riƙe da asusun SEP yana ba IRS rahoto a fom 5498 bisa shekarar da kuɗin suka shiga, ba shekarar da aka yi niyya ba. Idan a Fabrairun 2025 mutuminmu ya zuba 12,500 ɗinsa, to 9,294 na 2024 ne, ragowar kuma ana iya ƙirga ta cikin ajiyar 2025, ba tara ba janye kuɗin daga asusun. Shi ya sa masu sani suke ba da shawarar a dakata da zuba na SEP sai an rufe littafin shekara an san riba. Ana iya buɗe asusun a zuba har ranar miƙa takardu, kuma wanda ya nemi ƙarin lokaci yana da har 15 ga Oktoba. Ƙarin lokacin dai na miƙa takarda ne kawai; harajin da ake bin mutum, 15 ga Afrilu ake biyansa.